Yadda Ɗalibin Ilimin Tsirrai Zai Nemi Taimakon 'Yan Gida Wajen Tattara Samfuri

Ɗorawa tana fitar da jan tutunta ne a tsakiyar rani, wajen watan Fabrairu zuwa Maris. Kuka sai an fara jin ƙamshin damina take buɗe farin furenta, da dare, kuma kafin yammacin washegari ya yi yaushi. Gawo kuwa da damina yake kakkaɓe ganyensa, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi sabon ganye da fure. Ɗalibin da yake karatun ilimin tsirrai ko na haɗa magunguna a Zariya ko Kano ko Sakkwato, wanda malaminsa ya umarce shi ya kawo samfurin itatuwan garinsu, da wuya hutunsa ya dace da waɗannan lokuta duka. Waɗanda suke wurin a kowane wata su ne iyayensa da ƙannensa da kawunnansa, kuma su ne suka san gonar da tsohuwar kanya take, da fadamar da wani haki yake fitowa bayan ruwan farko. Neman taimakonsu hanya ce mai kyau, amma sai an tsara ta, domin na sha ganin buhun ganye ya iso makaranta bayan wahalar mutum biyar, a ƙarshe a zubar da shi saboda babu wanda zai iya tabbatar da ko na wane itace ne.

Abu na farko da ya kamata ka fahimtar da mutanen gida shi ne bambancin abin da mai magani yake nema da abin da masanin tsirrai yake nema. A gidajenmu, idan aka ce a samo hano ko maɗaci, sassaƙe ake nufi. Idan aka ce gwandar daji, saiwa ko ganye za a kawo maka. Ranar da na fara roƙon wata gwaggota ta sa a samo mini hano, sai ga ƙullin sassaƙe an ɗaure shi tsaf da kaba. Da na ce mata, "Gwaggo, ku yi haƙuri, reshe nake so mai fure," sai ta ce, "Kai ɗan nan, furen me zai yi maka? Ai maganin yana jikin ɓawon." Gaskiyarta ce ta fuskar magani. Sai dai mai tantance tsirrai a jami'a da fure da 'ya'ya yake aiki, domin a kansu aka gina rabe-raben dangin tsirrai, kuma ganye kaɗai yakan yaudari ko ƙwararre. Hano ma ya ƙara wahalar da lamarin, tun da yana fure ne da rani a lokacin da babu ganye a jikinsa, haka ma gurjiya mai jan fure da hunturu. Irin waɗannan sai an je wa itacen sau biyu, a ɗebo fure a lokacinsa, a koma da damina a ɗebo ganye daga itacen nan dai, ba wani na kusa da shi ba. Wannan kuwa aiki ne da mazaunin gari kaɗai zai iya yi maka.

Wa za ka ɗora wa aikin

Kada ka sanar da aikin ga gida duka ka tafi, domin abin da aka bar wa kowa babu mai yinsa. Ka fara da neman izinin mahaifi ko wanda yake riƙe da gidan, ka bayyana masa cewa aikin makaranta ne, ba kasuwancin magani ba, sannan ka zaɓi mutum ɗaya wanda ya iya rubutu, yake da waya mai ɗaukar hoto, kuma aka san shi da cika alkawari. Sau da yawa ƙane ko ƙanwa da suka gama sakandare sun fi dacewa. Shi ne zai riƙe littafin rubutu da madanni, wato allunan da ake danne reshe a tsakaninsu har ya bushe, kuma da shi kaɗai za ka riƙa magana a kan lamba da kwanan wata.

Sanin tsirran kuwa yana hannun wasu. Kaka da gwaggo da ungozomar unguwa sun san ganyen miya da na jego da na goyon ciki fiye da duk wani namiji a gidan. Kawun da yake noma ya san ciyawar gona ɗaya bayan ɗaya, yaron da yake kiwo ya san abin da akuya take ci da abin da take ƙi, mafarauci da wanzami kuma suna da nasu fannin. Ka haɗa mai rubutun nan da waɗannan, ka gaishe su da kanka, da goro ko abin da ya sawwaƙa, kafin ka aika musu ƙaramin yaro da tambaya. Ka kuma kula da lokacin mutane: manomi ba shi da sararin bin itace a makon shuka ko na noman farko ko na girbi, yaran makaranta kuma ba a fitar da su daga aji saboda aikinka. Kuɗin man babur da na katin waya kai ne za ka biya tun kafin a tambaye ka.

Kada ka raina sunayen da za su ba ka. Wani likita ɗan ƙasar Sikotland mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon mulkin Turawa, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma daga bakin manoma da masu magani irin kakanninmu ya tattaro su. Hano ɗin nan da muke magana a kai, a kimiyyance sunan mutumin yake ɗauke da shi, wato Boswellia dalzielii. Amma suna na gida jagora ne kawai, ba hujja ba. Abin da wani gari yake kira hano, wani gari ararraɓi yake cewa; wuta-wuta a nan ita ce ƙuduji a can. Kalgo kuma suna ɗaya ne da ya rufe itace iri biyu: akwai mai ƙananan ganye masu santsi da ya fi yawa a arewa inda ruwa bai da yawa, akwai mai manyan ganye da gashi-gashi a bayansu, wanda kwafsarsa ma take da gashi, kuma ya fi yawa a kudu. Ɗalibin da ya rubuta "kalgo" kawai a rahotonsa bai faɗa wa kowa abin da ya bincika ba. Ina ba da shawara a sa dattijon ya faɗi sunan da bakinsa a ɗauki muryarsa a waya, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, idan kuma da ajami ya fi sakewa, a bar shi ya rubuta da ajami.

Ka koya musu da hannunka, ko sau ɗaya ne

Babu bayanin waya da zai maye gurbin fita tare. Kafin hutunka ya ƙare, ka ɗauki mai rubutun da duk wanda yake sha'awa ku je bayan gari da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ku yi samfuri biyu ko uku na itacen da kowa ya sani, kamar sabara ko magarya, tun daga yanka har zuwa dannewa.

Reshen da ake so tsawonsa kamar santimita 30 zuwa 35 ne, wato bai kai kamu ɗaya ba, domin takardar da ake manna samfuri a kanta a ma'adanar tsirrai, wato ɗakin da ake adana busassun samfuran tsirrai, tsawonta kusan santimita 42 ne, faɗinta kusan 29. A zaɓi lafiyayyen reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, a yanke shi da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu, kada a fizge shi. Daga kowane itace a yanko guda uku, ɗaya na ma'adana, ɗaya naka, ɗaya kuma saboda tsaro ko domin aika wa wani masani. Ƙananan tsirrai da ciyayi ana tono su ne da saiwarsu, a kakkaɓe ƙasar, idan sun yi tsawo a lanƙwasa su sau ɗaya ko sau biyu. Idan ƙauci ne, dole a rubuta itacen da aka same shi a kai, kuma a haɗo da ɗan reshen itacen. Mutanenmu ma ai ba sa cewa ƙauci kawai, sai sun ce ƙaucin ɗorawa ko ƙaucin tsamiya. Haka wuta-wuta, a rubuta ko a gonar dawa ce ko ta gero. Manyan 'ya'ya irin na kuka ko goruba ba sa shiga madanni, sai a busar da su daban a cikin jakar takarda.

Nan take, tun ana gindin itacen, a ɗaura wa kowane reshe ɗan guntun kwali da zare, a rubuta lamba da fensir, domin tawadar biro tana narkewa idan ta ji danshi. Itace ɗaya lamba ɗaya: rassa ukun nan da 'ya'yan da aka ware da hotunan da aka ɗauka duk lamba guda suke ɗauka, kuma ba a sake amfani da lambar da aka riga aka bayar ko da samfurin ya lalace. Wannan ƙa'ida tana da sauƙin faɗi, amma ita ce aka fi karyawa, saboda mutum yakan ce zai tuna idan ya koma gida, kuma bayan itace na shida ba ya tunawa.

A ƙarƙashin wannan lamba a cikin littafi za a rubuta duk abin da zai ɓace idan reshen ya bushe. Kwanan wata da sunan wanda ya yanko suna farko, sai wurin: ƙauye, gunduma, ƙaramar hukuma, da kwatancen da baƙo zai iya bi, kamar "gabas da makarantar firamare, a bakin rafi, tafiyar minti goma." Idan wayar tana iya tura wurin da mutum yake tsaye ta WhatsApp, a tura maka daga gindin itacen, kai kuma ka kwafe lambobin taswirar. Sai irin ƙasar, jigawa ce ko laka ko fako ko kan dutse. Sai siffar tsiron, itace ne ko kurmi-kurmi ko mai yaɗo, da kiyasin tsawonsa, wanda za a iya auna shi da tsayin mutum. Launin fure yana da muhimmanci ƙwarai tun da yakan koma ruwan ƙasa bayan bushewa, haka ƙamshin ganye idan an murza shi, da ko reshen ya fitar da farin ruwa ko ƙaro da aka yanke shi, da kamannin ɓawo. A ƙarshe a sa sunan gida da amfanin da aka ce ana yi da shi, da wanda ya faɗa. Hoto huɗu ya isa: itacen gaba ɗaya, jikin ɓawo, ganye ciki da baya, da fure a kusa tare da tsinken ashana a gefensa domin a gane girmansa.

Dannewa da busarwa

A nan ne aikin 'yan gida ya fi lalacewa, don haka zan tsaya a kansa. Madanni ba wani abin tsada ba ne: allon katako biyu masu tsawon santimita 45 da faɗin 30, waɗanda kowane kafinta zai yanka maka, da tarin tsofaffin jaridu, da kwalaye da aka yanka daidai girman allon, da igiya ko robar da ake ɗaure kaya a bayan babur. Ka kai jaridun da kanka daga birni, domin a ƙauye ba a samunsu da yawa, kuma za a buƙaci fiye da yadda kake zato.

Ana buɗe jarida a shimfiɗa reshen a ciki, a baje ganyen yadda ba za su hau kan juna ba, a juya ɗaya ko biyu su nuna bayansu, a tabbatar furen yana fili. Idan ganyen ya yi yawa a rage wasu, amma a bar ɗan gindin kowanne domin a ga inda yake. A rubuta lambar a jikin jaridar ma. Sai a rufe, a ɗora kwali, a sa wata jaridar da wani samfurin, a haka har a gama, sannan a haɗa allunan a ɗaure tamau. Idan igiyar ba ta matse sosai ba, a ɗora dutsen niƙa ko rabin buhun hatsi a kai. Duk wannan a ranar da aka yanko za a yi shi. Leda tana da amfani wajen ɗauko rassa daga daji zuwa gida na 'yan sa'o'i, amma reshen da ya kwana biyu a cikinta ya tashi daga aiki. Saƙon farko da aka taɓa aiko mini a mota a cikin baƙar leda ya zo, an ɗaure bakinta da kyau saboda ƙauna, da na kwance sai tururi da wari, ganyen ya yi baƙi ya manne da juna. Laifina ne da ban nuna musu ba tun farko.

Jaridar tana shan ruwan ganyen, don haka dole a canza ta da busasshiya kowace rana a kwana uku ko huɗu na farko, bayan haka kuma duk bayan kwana biyu har samfurin ya bushe. Jaridar da aka cire a shanya ta a rana a sake amfani da ita. Madannin kansa ana iya ajiye shi a rana ko inda iska take kaɗawa, a tsaye a kan gefensa, amma reshen tsirara ba a shanya shi, domin zai nannaɗe ya karye. Da hunturu kwana huɗu ko biyar sukan isa. A watan Agusta da Satumba kuwa, lokacin da yawancin ƙananan tsirrai suke fure kuma iska take cike da danshi, yakan kai kwana goma, kuma fashin canza jarida na kwana biyu ya isa ya jawo fumfuna. A irin wannan lokaci a kusantar da madannin inda ɗumin murhu yake isa, ba inda wuta ko hayaƙi za su taɓa shi ba. Alamar bushewa ita ce reshen ya tsaya ƙyam idan an ɗaga shi, kuma ba a jin sanyi idan an taɓa ganyen da bayan hannu. Wanda ya bushe a bar shi cikin jaridarsa, a ɗaure tsakanin kwali biyu, a rataye shi ko a ɗora a kan wani abu mai tsawo, nesa da gara da ɓera da awakin gida.

Idan bincikenka na ɗakin gwaji ne, inda ake buƙatar ganye ko sassaƙe mai yawa domin a tatsi sinadarinsa, wannan tari daban ne, amma daga itacen da aka yanki samfurin za a ɗebo shi, da lamba iri ɗaya. A inuwa ake shanya shi, a kan tabarma mai tsabta a ɗakin da iska take shiga, ba a kan kwanon rufi ko bakin kwalta ba, kuma ba daga gonar da aka yi wa feshi ba. Ka roƙe su kada su daka maka shi, domin turmin da ya sha barkono da daddawa zai shigar da abin da ba na itacen ba cikin sakamakonka.

Lafiyar mutane da haƙƙinsu

Babu samfurin da ya kai ran ɗan'uwanka. A yankunan da dazuka suka zama mafakar 'yan bindiga, kada ka tura kowa nesa da gari. Ka gaya wa malaminka gaskiya a canza itacen ko wurin. Yara ba sa hawa itace saboda aikinka, ƙugiya mai dogon sanda ta wadatar. A sa takalmi rufaffe, a riƙa buga ciyawa da sanda saboda kububuwa da kasa, musamman da kaka. Ruwan tumfafiya da na tinya suna illa ga ido, ƙaiƙayin karara ba ya bukatar bayani ga wanda ya taɓa haɗuwa da shi, 'ya'yan idon zakara da na zaƙami kuma guba ne, don haka a nisanta su da ƙananan yara, a wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Itacen da yake gonar wani na mai gonar ne, a nemi izininsa. Idan za a yi yawo da yawa a ƙasar ƙauye, a sanar da mai unguwa ko dagaci, kuma takardar gabatarwa daga sashenku tana kawar da zargi. Wuraren da gwamnati ta keɓe, irin su Falgore da Yankari da Kamuku, ba a ɗibar komai a cikinsu sai da izinin hukuma a rubuce, kuma wannan ba aikin da za a tura ƙane ba ne. Wajen sassaƙe, a ɗiba kaɗan daga gefe ɗaya, domin itacen da aka zagaye da sara mutuwa yake yi, kuma maɗaci da hano sun riga sun sha wannan wahala a kusa da garuruwanmu. Tsiron da aka ga guda ɗaya tak a wuri, a ɗauki hotonsa a bar shi.

Akwai kuma haƙƙin sani, wanda nake ganin ɗalibai suna sakaci da shi. Idan kaka ko wanzami ya gaya maka haɗin magani, ka tambaye shi ko ya yarda a rubuta shi a littafin da wasu za su karanta, idan ya ce sirrin gidansu ne, ka bar shi a matsayin sirri. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa a nemi yardar masu ilimin gargajiya kafin a yi amfani da shi, a kuma raba amfanin da su. A nan gida ma, maganin sikila na Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja ta samar, wanda karan dafi da masoro da kanumfari suke cikin haɗinsa, daga wani mai maganin gargajiya aka samo asalinsa, kuma sai da aka ƙulla yarjejeniya da shi.

Idan samfuran sun taru, ya fi kyau wani ɗan'uwa mai zuwa birni ya riƙo su a hannu. Idan dole sai a tasha, a saka su cikin kwali mai ƙarfi, a roƙi direba kada a ɗora kaya a kai, littafin bayanin kuma a ɗauki hoton kowane shafi a turo maka kafin ya bar gida. Kai kuma ka kai su ma'adanar tsirrai ta jami'arku, kamar wadda take Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko ta Jami'ar Bayero, idan kuma tsiron ya gagara a can, akwai babbar ma'adanar Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Ma'aikacin wurin zai kwatanta naka da waɗanda aka adana, ya ba ka sunan kimiyya da lambar shaida, wadda ita ce za ka rubuta a rahotonka. A takardar bayanin da za a manna a jikin samfurin, a gurbin mai tattarawa, ka sa sunan ƙanenka ko gwaggonka da suka yanko shi, kai kuma naka ya biyo baya, domin haka ƙa'idar aikin take. Idan ka koma gida hutu, ka tafi da kwafi ɗaya da aka manna a farar takarda, ka nuna wa Gwaggo reshen hanon da ta sa aka yanko, da furensa, da sunanta a ƙasa.